Awon ɗan farin Shatu

Rabi, zo nan ke da ƙawayen naki. Ina daga ɗaki na ji kuna ta ƙyaƙyata dariya, wai an tura ku ɓangaren awon yara, kun huta, aikin malalata ne. A ɗora yaro a sikeli, a rubuta lamba, a ce wa uwa ta dawo wata mai zuwa, shi ke nan. To madalla. Ashe ni ce malalaciyar, da furfurata da komai. Ku jawo tabarma ku zauna, makarantar taku ba za ta gudu ba.

Ni a ɗakin shan magani na Kazaure na fara, ba a daɗe da sauke tutar Turawa ba. Babana malamin ofis ne a wajen hakimi, shi ya sa na sami 'yar firamare a lokacin da 'ya'ya mata ba su cika zuwa ba. Aka damƙa ni a hannun Iya Mairo, wata tsohuwar ungozoma da aka ba horo, gajera, bakinta kamar reza. Na zo da sabon farin kayana ina yauƙi, a zatona ranar zan riƙe allura. Ta dube ni sama da ƙasa, ta miƙo mini wani tsumma ta ce, "Wanke."

Wandon awo ke nan. Ɗan wando ne na tamfol mai dogayen igiyoyi, a zura ƙafafun yaro a ciki, a rataya shi a ƙugiyar sikeli. Yaro kuwa da ya ji shi yana lilo a sama, babu uwa babu ƙasa, duk abin da ke cikinsa sai ya sake shi. Na yi watanni ba abin da nake yi sai wankin wandon nan da dafa allurai a kan risho. Ku yanzu ku farke leda, ku soka, ku jefar. Mu allura a hannunmu take tsufa. A dafa ta, a wasa bakinta a ɗan dutse, a ja ta a kan auduga. In ta kama zare, to da sauran ƙaya, a sake wasawa. Sirinjin na gilas ne, in ya suɓuce ya fashe, ranar ko tuwo ba ya yi miki daɗi, don kin san Iya Mairo za ta wanke ki tas.

Ranar da aka fara barinmu mu auna da kanmu, wata da muke koyo tare ta samu ɗan wata mai ƙosai daga bakin kasuwa, yaro ɓul-ɓul da shi. Ta rataya shi, ta ga inda tsinken sikeli ya tsaya, sai ta ɗaga murya cikin murna, "Kai, yaron nan akwai nauyi!" Ai uwar ba ta jira an cire shi da kyau ba, ta fizge ɗanta tana tofa masa addu'a, ta fice ko waiwaye babu. Iya Mairo ta kama kunnen yarinyar nan ta murɗe. Ta ce, "Buhun gero ne da za ki faɗi nauyinsa a bainar jama'a? Baki kike so ya kama ɗan mutane? Tubarkalla ake cewa, lambar kuwa ki haɗiye ta ki rubuta." Haka nan ba a cire wa yaro laya ko guru don za a auna shi. Wani yaron layun jikinsa sun isa rabin mudu. Iya Mairo sai ta ɗaga su a tafin hannu kamar tana sha'awarsu, ta ce, "Wane malamin ne ya yi wannan aiki mai kyau?" Alhali nauyinsu take ji don ta cire daga lissafi.

Ita ce ta ce mini sikeli nauyi yake faɗa, ba ya faɗar dalili. Dalili sai an tono shi a bakin mata, su kuwa mata ba sa ba da shi a tambayar farko. Ki ce me yaro yake ci, a ce miki komai yana ci. Ki ce yana gudawa, a ce haƙori ne. Sai kin bi ta gaisuwa, kin tambayi maigida da aikin gona, kin yabi kitso, sannan a hankali magana take fitowa.

Da na ƙware aka fara fita da ni ƙauyuka. Wayyo, wannan zamani! Landiroba guda ce, ta kai mu Roni yau, Gwiwa gobe, wani makon Babura. In ta lalace a cikin duwatsun Roni, mu ɗora akwatin magani a kan jaki mu taka. Mai shela ya riga ya zaga tun jiya. Mu rataya sikeli a reshen tsamiya a ƙofar gidan dagaci, kafin hantsi wuri ya cika da mata da kukan yara. A Babura har matan tsallaken iyaka suke zuwa, su kawo mana dabino da cuku a bakin zani, mu ce ba a biya, su ce ai wannan ba biya ba ne, zumunci ne. Matan aure da ba sa fita sai su aiko da yaran a hannun tsofaffi. Kafin la'asar an aiko mana da fura daga gida kaza, dambu daga gida kaza. Mu yi wa yara lambar rigakafi, mu duba ido da harshe, mu latsa ƙafa mu ga ko ta kumbura. Na san yaran ƙasar nan ta bayansu da cibiyarsu tun kafin in san fuskokin iyayensu maza. Wallahi ina kewar kwanakin nan.

Borin jini kuwa mun sha ganinsa. A kawo yaro jiki duk ya yi rudu-rudu yana susa kamar zai yage fatarsa. Wani gyaɗa ce ba ta karɓe shi ba, wani ƙwai, wani kifin dam. In kika bi a hankali kika gano abin, sai ki ce a daina ba shi, magana ta ƙare. Amma ku riƙe wannan da kyau: yau ko 'yar aji ɗaya a makarantarku ta san madarar shanu tana iya tayar wa yaro da borin jini, har ta shaƙe shi. Mu a lokacin ba wanda ya koya mana haka. Madara ita ce sarauniyar abinci. Ita muke wa'azi da ita a gindin kowace tsamiya.

To, a wani ƙauye da ke bayan Gwiwa aka fara kawo mini Umaru. Kakarsa ce ta goyo shi, Goggo Adama, uwar babansa, wata doguwar Bafillatana daga rugar da ke gefen garin, mace mai faɗa a ji. Ba a daɗe da yaye shi ba, kuma kun san al'ada, yaron da aka yaye wajen kaka ake kai shi. Da na tambayi sunansa sai ta yi murmushi ta ce, "Angona ne. Sunan mai gidana marigayi ya ci, ba na iya faɗa." Wata maƙwabciyarsu ce ta raɗa mini sunan.

Na zura shi a wandon awo na ɗaga, sai na ji kamar kaza na ɗauka. Fatarsa ta yi kaushi, bayan gwiwa da wuya duk sun tsattsage don susa, leɓensa a kumbure, ga gudawa ba ta tsayawa. Na ce, "Goggo, me yake ci?"

Ta ce, "Me zai ci, 'yar nan? Madarar saniyarsa. Ranar suna babansa ya ba shi ita. Safe da yamma ake tatso masa da ɗuminta, ni da kaina nake ɗura masa. Ko ɗan sarki bai fi shi gata ba."

Na ce madalla, a ci gaba. Na ba da maganin tsutsar ciki, na ba da man shafawa na ƙazuwa. Wata ya zagayo, yaro ya ƙara ramewa. Na sauya magani. Wani watan Goggo ta ce mini ranar nan numfashinsa ya riƙa fita da ƙara kamar ana busa sarewa, har sun fidda rai, sai kuma ya lafa. Sun kai shi wajen mai magani, an yi turare, an ƙara laya. Duk zuwan da zan yi garin nan, tun a mota gabana yake faɗuwa, ina cewa ko yau za a ce mini angon Goggo ya koma.

Akwai wata yarinya mai tallan nono da kullum take ajiye ƙwaryarta can nesa da mu, a bayan tsamiyar, ta juya mana baya. Na lura ba ta damu da ciniki ba. Ana rataya Umaru sai ta daina dama fura, ludayin ya tsaya a hannunta, sai an sauke shi sannan ta ci gaba. Na tambayi matan garin, suka ce, "Ai Shatu ce, ita ta haife shi. Ɗan farinta ne."

Ku 'yan zamani ba ku san wannan kunya ba. Yanzu mace ta haifi ɗan fari ta rungume shi a gaban surukai tana kiransa da sunaye iri-iri. A da, musamman a rugage, uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta san yana ci ko ba ya ci. In yana kuka a gaban surukarta, sai ta kau da kai kamar ɗan wasu ne. Wadda ta karya wannan, an dinga yi da ita ke nan a bakin rijiya har ta tsufa. Shatu kuwa kunyarta biyu ce, ga ɗan fari, ga sunan surukinta a kansa.

Na je na tsuguna gabanta kamar zan sayi nono. Na ce, "Shatu, yaron nan naki, me kike gani yake damunsa?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta ce, "Malama, ni ban san komai a kansa ba. Na Goggo ne."

Na lallaɓa, na zagaya, na yi duk dabarar da Iya Mairo ta koya mini. Ta ci gaba da dama furarta. Na tashi raina a ɓace, ina cewa a zuciyata wannan wace irin uwa ce.

Sai shekarar fari ta zo. Lokacin an fara maganar kuɗin mai, a birni ana ta sayen rediyo da babur, an sauya mana fam da sule zuwa naira, mu kuwa nan sama ta ƙi zubar da ruwa. Gero ya bushe a tsaye tun bai fid da kai ba. Rijiyoyi suka ja baya. Shanu suka riƙa faɗuwa a kan hanya, waɗanda suka rage maza suka kora su kudu. Ga ƙyanda ta biyo baya. A shekarar nan na rataya yaran da har yau ba na son tuna fuskokinsu. Sikelin da na saba ganin tsinkensa yana hawa, sai ga shi wata bayan wata yana sauka, a kowane gari. Wasu iyayen ma sun daina kawowa, sai ki tambaya a ce miki, "Ai Allah ya karɓi abinsa."

A cikin wannan hali aka kawo Umaru, na ɗaga shi, sai na ji hannuna ya yi ƙasa. Na sake duba sikelin, na zaci ya lalace. Yaro ya ƙaru! Fata ta yi sumul, leɓe ya saɓe, har yana miƙa hannu zai kama ƙugiya. Goggo kuwa sai share hawaye take. Ta ce, "An tafi da saniyarsa kudu, 'yar nan. Watanni rabonsa da madara. Kunun gero tsurarsa nake ba shi, da ɗan wake in an samu. Jikan Fulani babu madara, ina amfanin raina?" Na ce ta yi haƙuri, ai ga shi Allah yana rayar da shi. Na yi mamaki ƙwarai, amma layi ya yi tsawo, yara masu tamowa suna jirana, ban tsaya dogon tunani ba.

Ba a daɗe ba aka kawo taimakon madarar gari, buhu-buhu. Aka ce duk inda muka je awo mu dama a babban daro da tafasasshen ruwa, kowane yaro ya sha moɗa guda a gabanmu kafin a ba uwarsa ta gida. Ranar da muka kai ƙauyen nan, da rana tsaka, mata sun fi na kullum yawa. Goggo Adama ce a gaba-gaba, ta ci ado kamar ranar salla, tana riƙe da hannun Umaru, lokacin ya fara gudu da surutu. Shatu tana can baya a cikin layi, da sabuwar jaririya mace a bayanta. Wannan ta biyu ce, ba kunya a kanta, ita take kawo ta awo da kanta.

Na cika moɗa na miƙa wa Goggo. Ta karɓa da hannu biyu tana cewa, "Alhamdu lillahi. Zo, angona, yau ka koma ɗan gidanku." Ta tsuguna, ta tallafi ƙeyarsa, ta kai moɗar bakinsa.

Ban ga tahowar Shatu ba. Ƙarar moɗa kawai na ji a ƙasa, madara ta fantsama a zanin Goggo da fuskar yaron. Sai muryarta, wadda ban taɓa jin ta fi raɗa ba, ta cika gindin tsamiyar nan.

"Kada ku ba Umaru! Za ta kashe shi! Umaru ba ya shan madara!"

Wata tsohuwa ta dafe ƙirji ta ce, "La'ilaha illallahu, ta kira shi." Goggo ta miƙe a hankali, madara tana ɗiga daga hannunta. Ta ce, "Shatu, ni kika buge wa hannu? Sunan wa na ji a bakinki? Yunwar ce ta cinye miki kunya?"

Wannan karon Shatu ba ta rufe fuska ba. Ta durƙusa ta ce, "Goggo, ki yafe mini. Ni nake tatsar saniyar nan. Ni nake kawo miki ƙwaryar, in koma bayan bukka in tsaya ina saurare. Duk ranar da ya sha da yawa, kafin in wanke ƙwarya ya fara susa, daga nan sai numfashin. Ranar da saniyar ta yi ciwon nono ba a tatsa ba, lafiya lau ya yini. Na riƙa ba shi kunu a ɓoye don ya ƙoshi ya ƙi karɓa, ke kuma ki ɗura masa. Ranar da aka kora shanu kudu kowa yana kuka, ni Allah na gode wa. Na kasa faɗa, Goggo. Ta yaya zan ce ina kallonsa?"

Goggo ta buɗe baki za ta yi magana, sai yaron ya fasa kuka yana murza fuska da hannu. Muka duba. Duk inda madarar nan ta taɓa, kumatu da gefen baki, ya tashi rudu-rudu, ja wur, muna tsaye muna kallo. Ko haɗiya bai yi ba, taɓawa ce kawai. Gani ya kori ji. Na san da moɗar nan ta shiga cikinsa bayan watannin da ya yi bai sha ba, da Kazaure ta yi mana nisa.

Na ɗauke shi na wanke masa fuska da ruwa mai yawa, na ba shi maganin borin jini na ruwa da ke akwatina, na zauna da shi a cinya ina sauraren ƙirjinsa har na tabbata numfashin bai sauya ba. Na ce wa Goggo ko nono, ko kindirmo, ko man shanu, kada ya sake kusantar bakinsa, kuma gobe mu tafi da shi Kazaure likita ya gan shi. Idonta yana kan kumatun yaron. Can ta ce, ba da kowa take ba, "Da hannuna. Safe da yamma."

Yaron yana ta kuka yana miƙa mata hannu. Ba ta karɓe shi ba. Ta juya wajen Shatu, wadda har lokacin tana durƙushe, ta kwance mata majanyi da kanta, ta zare jaririyar daga bayanta ta rungume. Ta ce, "Tun da kin kira, sai ki ɗauka. Ba ni ƙaramar, bayan naki ɗaya ne."

Shatu ta goya ɗanta a gaban duk matan garin. Ƙafafunsa har sun kai mata cinya don girma. Shi kuwa sai leƙen fuskarta yake ta gefe, don bai san dalilin da mai kawo masa kunu a ɓoye take kuka ba. Ni ma na juya na yi kamar ina gyara igiyar sikeli, don farin kaya ba ya hana mutum hawaye.

Likita ya tabbatar da maganarta. Amma kada ku zaci a banza ta sha. An yi da ita a rugage har bayan saukar damina, 'yan uwan mijinta suka daina amsa gaisuwarta na wani lokaci, yara suna binta suna kwaikwayon muryarta. Goggo ce ta tsaya mata, ta ce duk mai magana ya zo ya same ta.

Da wata ya zagayo muka koma garin, sai ga Shatu a layi, ita da kanta, tana riƙe da hannunsa. Na yi murna ƙwarai. Na ɗauko sabon kati, don tsohon ya jiƙe da madara ranar nan, na gyara alƙalami, na dube ta ina murmushi na ce, "To, uwar yaro, mene ne sunansa?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta ce, "Kin san shi, Malama."

Umaru ya girma, ya yi garke nasa na kansa, yana tatsa wa mutane abin da shi ba ya sha. Shatu ta rayu har ta goyi 'ya'yansa. Na tambayi mutanen rugar da yawa, har shi kansa na tambaya da ya kawo 'yarsa awo. Babu wanda ya sake jin sunan nan a bakinta har ta koma ga Allah.